Wata da Fitila: Gardamar Masu Kamun Kirafi da Dare a Amurka

Idan zafi ya kankama a kudancin Amurka, daga watan Yuni zuwa Agusta, masu kamun kifi da yawa sukan bar wa rana tafki su koma aikin dare. Tun da la'asar sakaliya ake janyo ƙananan jirage a bayan mota zuwa bakin ruwa, kafin duhu ya rufa kowa ya kama wurinsa, galibi a ƙarƙashin gada ko a kan tsohon kwarin kogi da madatsa ta nutsar. Abin da suke nema shi ne kirafi, wani kifi mai faɗin jiki da dabbare-dabbare, wanda duk mai sanin karfasa zai gane fasalinsa. Kafin a fita kuwa sai an duba halin da wata ke ciki, kuma a nan ne bakinsu ya rabu biyu. Wasu sun rantse cewa ba a cika kwando sai a duhun wata. Wasu kuma suna cewa kwana uku kafin cikar wata da kwana uku bayanta ne kifi ke haukan cin koto. Akwai ma na uku, masu ɗauke da jadawali a waya, wanda ke gaya musu awa da mintin da kifi zai ji yunwa.

Ni dai a ganina ɓangarori biyun farko kowa ya ga wani abu na gaskiya, sai dai an ɗora wa wata laifin da ba nasa ba. A tafkin da ba ya haɗe da teku, abin da wata ke yi wa mai kamun kirafi haske ne, ba wani ɓoyayyen ƙarfi ba. Wata ba ya ƙara wa kifi yunwa kuma ba ya rage masa. Abin da yake canzawa shi ne inda kifin zai tsaya, da kuma ko zai taru wuri guda ko zai watse.

Kirafi iri biyu ne, baƙi da fari. Baƙin ya fi son ruwa garau mai ciyayi, farin kuwa ba ruwansa da ruwa mai laka. Ana bambanta su da ƙirga ƙayoyin gadon bayansu: bakwai ko takwas a baƙi, biyar ko shida a fari. Ba manyan kifaye ba ne, wanda ya kai rabin kilo ya isa a yi murna da shi. Fari mafi nauyi da aka rubuta, mai kilo 2.35, an kama shi ne a 1957 a madatsar Enid ta jihar Misisifi, baƙi mafi nauyi kuma, mai kilo 2.47, a wani kududdufi na jihar Tenesi a 2018. Naman kirafi fari ne mai daɗi, a birkima shi a garin masara a soya. Leɓensa siriri ne, in aka fizga da ƙarfi sai ƙugiya ta yaga shi kifin ya tafi. Amma abin da ya shafi maganarmu shi ne idonsa. Babban ido gare shi, da shi yake farauta, kuma daga ƙasa yake kai hari zuwa sama, yana hango inuwar abin da zai ci a jikin hasken da ke bisa. Garke-garke yake yawo, kuma ya fi kiwo da almuru da cikin dare da asuba.

Wannan halin nasa ne ya haifar da sana'ar fitila. A da, fitilar Coleman mai aiki da mai ake ratayawa a gefen jirgi, mutum ya kwana yana korar ƙwari daga fuskarsa. Daga baya aka koma sa fitilar mota a cikin soso mai shawagi, fuskarta na kallon ƙasa. Yanzu koriyar fitila ce doguwa ake nutsarwa cikin ruwa, a haɗa ta da batir. Mai su zai sauke anga gaba da baya don kada jirgi ya riƙa juyawa, ya zura fitilar, ya zauna. Rabin awa na farko, wani lokaci awa guda, ba abin da ke motsi. Sannan ruwan da ke kewaye da fitilar ya soma yin hazo-hazo, wato ƙananan halittun ruwa ne, waɗanda da ƙyar ido ke gani, suka taru. Bayansu sai 'yan kifayen shad, ɗai-ɗai da farko, can sai ɗaruruwa, suna zagaya fitilar ta ɓangare guda, jikinsu na walƙiya. Kirafi ba ya shiga tsakiyar hasken. A ƙasa yake laɓewa, ko a gefe inda haske ya ƙare duhu ya fara, yana jiran wanda ya ware daga garke. Shi ya sa gwani ba ya jefa ƙugiya a gindin fitila. Yakan jera sanduna uku ko huɗu, kowace da ɗan ƙaramin kifi mai rai a matsayin koto, kowace a zurfi daban, har sai ya gano zurfin da ake ci. Cin kirafi kuma ba fizga ba ce mai ƙarfi. Sau da yawa sai dai ka ga zaren ya yi sako-sako, don kifin ya ɗauki koton daga ƙasa ya ɗaga shi sama.

Duk wannan dabarar a kan abu ɗaya ta dogara: fitilar ta zama ita kaɗai ce haske a wurin. Daidai take da teburin mai shayi a daren da aka ɗauke wuta a unguwa, kowa can yake nufa, da an kawo wuta kuwa sai taro ya watse ko da shayin bai canza ba. A duhun wata, fitilar jirgi ita ce abin gani daga nesa. A farin wata kuwa, dukkan fuskar tafkin ta samu haske, ƙananan halittun ba su da dalilin cunkusuwa wuri guda, shad ma haka, kirafi kuma yana iya farauta a duk inda ya ga dama. Wanda ya zauna da fitilarsa a irin wannan daren ya dawo da kifi huɗu, sai ya ce kifi ba ya ci a farin wata. Ci yake yi, ba a wurinsa ba ne kawai.

To amma nawa ne hasken watan nan? Masana na auna haske da ma'aunin luks. Rana tsaka tana kaiwa luks 100,000. Cikakken wata, a sama garau, da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na luks guda. Ƙanƙani ne ƙwarai, amma ya ninka hasken daren taurari zalla fiye da sau ɗari, kuma wannan ya ishi kifi mai babban ido. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne hasken wata ba ya bin girman faifansa. Rabin wata ba ya ba da rabin haske, abin da yake bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na cikakke ba, domin idan rana ta bugi wata daga gefe, duwatsu da ramukansa suna jefa dogayen inuwowi. Kwana biyu da rabi kacal bayan cikarsa, hasken ya riga ya ragu da rabi. Ashe dararen da wata ke gogayya da fitila da gaske ba su fi biyar ko shida ba a cikin kwana 29 da rabi. Sauran duk fitila ce ke da rinjaye. Masu raba wata gida biyu, rabin kirki da rabin banza, sun yi wa kansu asarar darare masu yawa.

Akwai kuma maganar lokacin fitowa, wanda a ganina ya fi siffar watan muhimmanci. A nan wanda ya saba lissafin watan Musulunci ya fi Ba'amurke sauƙin ganewa, don shi kwanan wata ba sai ya duba waya ba. Jinjirin wata yana faɗuwa jim kaɗan bayan magariba, dare duka duhu ne. A daren bakwai, rabin wata ne a tsakiyar sama da almuru, ya faɗi wajen tsakar dare, saboda haka mai haƙurin jira yana da duhu daga nan har asuba. A fararen kwanaki, 13 da 14 da 15, wata na fitowa da faɗuwar rana ya kwana a sama. Daga nan kullum yana jinkirta fitowa da kimanin minti 50. A daren 18 za a samu kusan awa uku na duhu bayan faɗuwar rana kafin ya leƙo, a daren 22 kuwa sai tsakar dare. Ke nan darare biyu masu wata iri ɗaya a ido, na goma da na sha tara, ba ɗaya suke ba ga mutumin da zai kama kifi daga magariba zuwa sha ɗaya ya koma gida saboda aikin gobe. Na farko haske ne tun daga farawa, na biyu duhu ne kusan har ya naɗe kaya.

Minti 50 ɗin nan ma matsakaici ne. A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya kamar Amurka, jinkirin kan sauka zuwa rabin awa a kewayen cikar watan Satumba, ya haura awa guda a Maris. Sannan cikakken wata na lokacin zafi ƙasa-ƙasa yake bi ta kudu, ba ya hawa ƙololuwa kamar na lokacin sanyi. Haskensa a karkace yake bugun ruwa, kaso mai yawa ya koma sama, kuma tudu ko jerin itatuwan bakin tafki na iya tare shi na tsawon lokaci.

Hujja mafi kyau a kan muhimmancin lokacin fitowar wata ta fito ne daga Afirka. A 1986 wani masanin halittun ruwa ɗan ƙasar Folan, Maciej Gliwicz, ya wallafa abin da ya gani a tafkin Kahora Basa na Mozambik, a kan kogin Zambezi. An daɗe da sanin cewa ƙananan halittun ruwa suna nutsewa ƙasa da rana don gudun idon kifi, su taso sama da dare su yi kiwo. Gliwicz ya lura cewa yawansu yana hawa da sauka tare da wata, kuma ba a daren cikar wata aka fi yi musu ɓarna ba, don a wannan daren haske bai ɗauke ba balle su saki jiki. A dararen da ke biye ne. Rana ta faɗi, duhu ya rufe, halittun sun taso har saman ruwa, kwatsam sai babban wata ya fito ya tona asirinsu, kifin kapenta ya afka musu. Ya kira abin tarkon wata. Kirafi ma yana cin irin waɗannan halittun, musamman yana ƙarami, kuma yana cin kifayen da ke cin su. Idan mai su a Alabama ya ce ya lura ci na ɓarkewa daidai fitowar wata a dararen bayan cikarsa, ba sai an nemo wani sirri ba, ga bayani a fili.

Su masu kamun kapentar ai ba su da wannan gardama. A tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, inda aka kawo kifin daga tafkin Tanganyika a ƙarshen shekarun 1960, da fitila ake tara shi da dare a ɗago shi da taru, kuma jiragen kan dakata na wasu kwanaki idan wata ya cika. Haka masu kamun kifin dagaa a tafkin Biktoriya suke bin duhun wata. Waɗannan mutane ne da ke biyan kuɗin mai da na ma'aikata, ba masu fita shaƙatawa ba, in da farin wata na biya da ba su ɗaure jirage ba.

Wannan bai nuna 'yan ɓangaren cikakken wata ƙarya suke yi ba. In ka bincika za ka tarar ba irin su ɗaya suke yi da na masu fitila ba. Su ba sa zama wuri guda. Suna bin gaɓa a hankali, suna jefa ƙaramin koton roba kusa da itatuwan da suka nutse, ko gindin matsayar jirage, ko daidai layin da inuwar gada ta yanke hasken wata. Kirafi kifin bakin inuwa ne, da rana haka yake, a farin wata ma haka. Daren da ya watsa wa mai fitila kifi shi ne ya kawo wa wannan kifin kusa da gaɓa, kuma ya ba shi hasken ganin inda yake jifa. Ko mai fitilar ma yana da mafita: ya shige ƙarƙashin gada inda wata ba ya kaiwa, ko ya nutsar da fitilar ƙasa sosai, inda hasken sama ya riga ya raunana.

Inda suke wuce gona da iri shi ne maganar ƙwai. Sukan ce kirafi na jiran cikar wata kafin ya hau gaɓa ya yi sheƙa. Abin da aka tabbatar shi ne ɗumin ruwa da tsawon yini ne ke kiransa: idan ruwa ya kai tsakanin digiri 14 zuwa 20, namiji kan share ɗan gurbi a wuri marar zurfi, mace ta zuba ƙwai, shi ya tsaya gadi. Watan da ya cika a Maris ɗaya ne a Fulorida da Minesota, amma a Fulorida kifi na kan ƙwai ko ma ya gama, a Minesota tafki na ƙarƙashin ƙanƙara, sai Mayu ko Yuni. Lokacin ƙwan kuma yakan ɗauki makonni, da wuya ya wuce bai haɗu da cikar wata ko duhunsa ba, kowa sai ya samu abin kafa hujja.

Saura masu jadawali. Asalinsa daga wani marubucin harkar kamun kifi ne, John Alden Knight, wanda ya fito da ra'ayin a 1926 ya fara buga jadawalinsa a 1936. Cewa ya yi akwai lokuta huɗu a yini da dabbobi ke zabura: manya biyu, sa'ad da wata ke saman kai da sa'ad da yake ƙarƙashin ƙafa a ɗaya gefen duniya, da ƙanana biyu, fitowar wata da faɗuwarsa. Har yau jaridu da manhajojin waya na buga shi. Tunanin daga teku aka ɗauko shi, inda jan wata ke cika ruwa ya janye shi, kifi kuma ya bi. Amma tafki ba teku ba ne. Manyan Tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, duk girmansu, hawa da saukar da jan wata da rana ke yi musu bai kai santimita biyar ba. Ina ga tafkin Grenada ko Sardis na jihar Misisifi? Buɗe ƙofar madatsa ɗaya ya fi wata motsa ruwansu nesa ba kusa ba.

Jadawalin yana da wata dabara da ke sa ya yi kamar yana faɗin gaskiya. Idan aka ba manyan lokutan awa bibbiyu, ƙananan awa ɗai-ɗai, an riga an kwashe rubu'in yini. Sannan ranakun da yake yabo, na cikar wata da na duhunsa, su ne ranakun da fitowar wata da faɗuwarsa ke dacewa da fitowar rana da faɗuwarta, lokutan da kifi ke ci dama can. Ƙari a kan haka, mutumin da ya yi imani da ranar yakan fita da wuri, ya daɗe, ya mai da hankali. In ya samu ya gaya wa kowa, in bai samu ba ya ce iska ce.

An gwada abin da lissafi. A 2014 Mark Vinson da Ted Angradi suka duba bayanan kamun kifin maski har 341,959, daga 1970 zuwa 2013. Sun ga tasirin wata da gaske, kamu na ƙaruwa a kewayen cikarsa da duhunsa, amma wanda ya zaɓi ranar da ta fi kowace kyau kashi biyar cikin ɗari kawai zai ɗara wanda ya fita ranar da ya ga dama. Wani binciken na 2023 a kan kifin tirawut bai ga jadawalin yana hasashen kamu ba, zafin iska ma ya fi shi faɗin abin da zai faru. Kashi biyar cikin ɗari, ga mai kama kifi ashirin, kifi ɗaya ke nan. Inda jan wata ke da ta cewa shi ne kogunan da ruwan teku ke turowa, kamar ƙasan kogin Potomac da mashigar ruwan Kalifoniya. A can kirafi na bin canjin gudun ruwa, gudun kuma ya fi ƙarfi a cikar wata da duhunsa.

Abubuwan da suka fi wata ƙarfi kuwa suna da yawa. Hadari mai kauri na mai da daren sha huɗu daren duhu. Ruwan laka bayan mamakon ruwan sama na shanye hasken wata a ɗan zurfi kaɗan, shi ya sa maganar wata ta fi tasiri a tafkuna masu ruwa garau. A tsakiyar zafi tafki kan rabu hawa-hawa, ɗumi a sama, sanyi marar iskar shaƙa a ƙasa, kirafi kuma ya rataye daidai saman iyakar, wanda ya sauke koto ƙasa da nan ko a daren da ya fi kowane duhu banza ya yi. Iskar sanyi da ta biyo bayan hadari na rufe bakin kifi kwana ɗaya ko biyu. A tafkuna irin na Kentaki, lokacin da madatsa ke sakin ruwa don samar da lantarki na juya wurin tsayuwar shad. Har doka ma ta shigo ciki: a Minesota haramun ne jan kifi da fitila, saboda haka babban dalilin fifita duhun wata bai shafi mai su a can ba.

Yanzu ma wani abu ya shigo da ke neman raba gardamar ta wata hanya. Tun da kamfanin Garmin ya fito da na'urar LiveScope a 2018, mai su na kallon kifi kai tsaye a allo, yana ganin motsinsa a gaban jirgi, dare ko rana. Ba sai ya zauna ya jira fitila ta tara masa garke ba, bin kifin yake ɗaya bayan ɗaya ya sauke masa koto a gaban baki, ko wata ya watsa su ko bai watsa ba. Kamun ya yi yawan da a 2024 hukumar kula da namun daji da kifi ta Misisifi ta rage adadin kirafin da mutum ɗaya zai ɗauka a rana daga 15 zuwa 10 a manyan tafkunanta huɗu, Grenada da Enid da Sardis da Arkabutla.